Kyanwa da Akwatin Talabijin a Fagge da Sabon Gari

A farkon shekarun 1980, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa tashar CTV a Kano, akwatin talabijin ya ƙara samun gindin zama a gidajen Fagge, kuma a kasuwar Sabon Gari ake sayo shi. Da magariba yara sukan cika tsakar gida. Kyanwar da aka ajiye saboda ɓera kuwa takan hau kan akwatin ta kwanta, don ɗuminsa.

Dalilin yana cikin idonta. Tsarin PAL da Najeriya ta ɗauka yana sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa. Idon mutum yana haɗe wannan ya ga motsi sumul, amma na kyanwa ya fi sauri, sai hoton ya riƙa yi mata ƙyafte-ƙyafte.

Da shafaffun talabijin na zamani suka cika rumfunan Sabon Gari, ƙyaftawar ta ragu. Yau kyanwa takan bi ƙwallo ko tsuntsu a fuskar talabijin, har ta kai masa cafka, domin a wurinta farauta ce. Maigidan da bai kafe nasa a bango ba, shi zai biya kuɗin wannan farauta.