Tarihin Sana'ar Cire Dauɗar Kunne: Daga Laluben Hannu zuwa Ganin Ido

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin wata sana'a wadda masu tarihin likitanci ba su cika waiwayarta ba, watau sana'ar cire dauɗar kunne ga wanda kunnensa ya toshe. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kayan aikin wannan sana'a, watau ɗan cokali da ƙugiya da ruwa da bututun zuƙa, duk sun daɗe a hannun ɗan Adam. Abin da ya yi jinkirin zuwa shi ne hasken da za a ga cikin kunne da shi, kuma zuwansa ne ya raba ƙwararre da mai lalube.

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu san wurin da ake aikin. Ramin kunnen baligi tsawonsa kamar santimita 2.5 ne, kuma a karkace yake. A ƙarshensa akwai dodon kunne, wata 'yar fata wadda kaurinta kusan kashi 1 cikin 10 na milimita ne. Ita kuwa dauɗar, tana samuwa ne ta wajen bakin ramin, daga maiƙon da fata ke fitarwa haɗe da matacciyar fata. Amfaninta shi ne kare kunne daga ƙura da ƙwari da bushewa. Sai ta taru ta daskare ta toshe hanya sannan take zama cuta: ji ya ragu, kunne ya riƙa ƙara, wani lokaci har da jiri.

2.0 Zamanin Lalube

Takardar Ebers ta Masar, wadda aka rubuta wajen shekara ta 1550 kafin Miladiyya, tana ɗauke da magunguna na kunnen da ba ya ji sosai. Amma cikakken bayanin cire dauɗa ya zo ne a littafin likitanci na Celsus, malamin Rum na ƙarni na 1 Miladiyya. Ya raba aikin gida biyu. Idan dauɗar tana da laushi, sai a kwashe ta da ɗan cokalin kunne. Idan ta yi tauri, sai a ɗiga ruwan tsami mai ɗan gishirin kanwa har ta jiƙa, sa'an nan a wanke kunnen da ruwa mai ɗumi. Masu tonon kufai sun sami irin wannan cokali na tagulla da yawa a garuruwan da Rumawa suka zauna, har a Ingila.

Bayan wajen shekara 900, Abul Ƙasim Al-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya ƙara wani mataki. A maƙala ta 30 ta littafinsa Al-Tasrif, inda ya zana hotunan kayan fiɗa, ya yi bayanin yadda ake fitar da abin da ya faɗa kunne, kamar tsakuwa ko ƙwayar hatsi. A gwada hantsaki siriri, in ya faskara a gwada ƙugiya marar kaifi. In wannan ma ya faskara, sai a sa bututun tagulla a bakin kunne, a liƙe gefensa don kada iska ta kurɗa, likita ya zuƙa da ƙarfi. An fassara wannan maƙala zuwa Latin a birnin Toledo a ƙarni na 12, likitocin Turai suka yi ta karanta ta shekaru aru-aru.

Ashe ke nan, tun kafin shekara ta 1100 an riga an san hanyoyi uku da ake bi har yau: kwashewa, da wankewa, da zuƙewa. Sai dai duk mai aikin ba ya ganin inda hannunsa ya dosa. Ihun majiyyaci ne kawai ke sanar da shi ya taɓa dodon kunne.

3.0 Masu Sana'ar Kasuwa a Asiya

A ƙasashen Asiya aikin ya fita daga hannun likita ya zama sana'ar kasuwa. A birnin Chengdu na ƙasar Sin, masu sakace kunne suna zagaya gidajen shayi da 'yan sandunan ƙarfe da na gora da gashin tsuntsu. A Delhi da Mumbai na Indiya ana gane su da jar hula ko jan rawani. A Biyetnam kuwa masu aski ne suke haɗawa da wannan aiki. A Japan, cikin 2005, ma'aikatar lafiya ta fitar da goge kunne daga jerin ayyukan da sai likita ke yi, shagunan sana'ar suka yawaita. Amma ma'aikatar ta keɓe abu guda: dauɗar da ta riga ta toshe kunne ta bar ta a hannun likita.

Akwai wani bincike da ya ƙara haske a nan. A 2006 masana na Jami'ar Nagasaki suka nuna cewa wani ƙwayar gado da ake kira ABCC11 shi ke raba dauɗar kunne iri biyu. Yawancin mutanen gabashin Asiya tasu busasshiya ce mai ɓarɓashi, alhali kuwa ta mutanen Afirka da Turai danƙararriya ce mai danshi. Busasshiya tana bin cokali ta fito. Mai danshi kuwa, tsinke yakan daɗa cusa ta ciki ne.

4.0 Zuwan Haske

A 1363 likitan Faransa Guy de Chauliac ya ambaci buɗe ramin kunne da wani ƙarfe a duba shi da hasken rana. Matsalar ita ce kan mai dubawa yakan tare hasken. Wani likitan karkara a Jamus, Friedrich Hofmann, shi ya warware wannan a 1841: ya yi madubi mai zurfi da huda a tsakiya, madubin ya tura haske cikin kunne, ido kuma ya leƙa ta hudar. Anton von Tröltsch ne ya yaɗa wannan dabara tsakanin likitoci wajen 1860. A 1873 aka buɗe sashen kunne na musamman a babban asibitin Biyana, ƙarƙashin Adam Politzer da Josef Gruber.

A 1921 Carl Olof Nylén na ƙasar Suwidin ya fara aikin kunne da madubin ƙara girma, kuma a 1953 kamfanin Zeiss ya fito da irin wannan madubi mai fitilarsa. Da aka haɗa shi da bututun zuƙa na inji, sai dabarar Al-Zahrawi ta dawo, amma da ido a buɗe. Daɗin daɗawa, a 1964 Peter Alberti ya ɗiga tawada a kan dodon kunne ya riƙa bin ta mako-mako, ya ga fatar tana tafiya daga ciki zuwa waje. Watau kunne mai lafiya shi ke share kansa.

Wani abin lura shi ne, a daidai wannan zamani ne lalube ya sami sabon makami. A 1923 Leo Gerstenzang ya fara ƙera tsinken auduga a Amurka, wanda aka san shi daga baya da sunan Q-tips. Yau masu yin sa suna rubuta gargaɗi a jikin kwali cewa kada a cusa shi cikin ramin kunne, amma jama'a ba su daina ba. Shi kansa babban sirinjin ƙarfe na asibiti an kakkaɓe hannu daga gare shi: a 2018 hukumar NICE ta Ingila ta ce a daina wanke kunnen manya da sirinjin hannu, domin ba a iya daidaita ƙarfin ruwansa.

5.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Dauɗar kunnenmu mai danshi ce, kuma a gidajenmu har yanzu gashin kaza da tsinken ashana da marfin biro su ake fara ɗauka idan kunne ya toshe. An kafa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna a 1999, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, amma mutum yakan isa can ne bayan tsinke ya gama ɓarna. Yaron da kunnensa ya toshe kuwa, sau da yawa a aji ana ɗaukarsa daƙiƙi ko mai taurin kai, alhali aikin 'yan mintoci zai dawo masa da jinsa.

Saboda haka ma'aunin da tarihi ya bar mana guda ne. Duk wanda zai taɓa kunnen wani, likita ne ko malamin jinya, tilas ya fara leƙawa ya ga dauɗar, ya tambaya ko dodon kunne ya taɓa hujewa kafin ya zuba ruwa, ya kuma sake leƙawa bayan ya gama. Wanda ba shi da abin leƙawa, yana nan inda Celsus ya tsaya shekaru kusan 2,000 da suka wuce.