Wayar salula da kyamarar bidiyo: Yadda ɗaya ta maye gurbin ɗaya

A shekarun 1990, duk wanda ke son a ɗauki hoton bikin aure ko walimar saukar Alƙur'ani a birnin Sakkwato, sai ya ɗauko hayar mai bidiyo, wanda kan zo da kyamara a kafaɗa da fitila mai zafin gaske.

A yau kuwa, a shagunan sayar da waya na sassan birnin, da wuya a sami wayar komai-da-ruwanka da ba ta ɗaukar hoton bidiyo.

Sai dai na'urorin biyu ba ƙira ɗaya aka yi musu ba, kuma sanin bambancin da ke tsakaninsu ne zai hana mai saye zuba kuɗinsa a kan abin da ba zai biya masa bukata ba.

Asalin kyamarar bidiyo

Kafin shekarun 1980, kyamara daban take da na'urar naɗar hoto. Mai ɗaukar hoto kan riƙe kyamarar a hannu, ya kuma rataya akwatin kaset a kafaɗa, igiya ta haɗa su.

A shekarar 1983 ne kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fitar da Betamovie, wadda ta haɗa kyamara da kaset a jiki guda domin amfanin jama'a. Illarta ita ce ba ta iya nuna abin da ta ɗauka, sai an cire kaset ɗin an saka a wata na'urar.

A 1984 kamfanin JVC ya fito da tasa mai amfani da ƙaramin kaset na VHS, sa'an nan a 1985 Sony ya ƙaddamar da Handycam, wadda ake iya riƙewa da hannu ɗaya.

Babban sauyi na gaba ya zo ne a 1995, lokacin da aka fara sayar da kyamarori masu kaset ɗin MiniDV. Waɗannan suna adana hoto ne a tsarin lambobi irin na kwamfuta, abin da ya sa ake iya kwafe shi da tace shi ba tare da ya dusashe ba.

Kaset da finafinan Hausa

Arahar waɗannan kyamarori ce ta share fagen sana'ar shirya finafinan Hausa.

A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na farko da ya yi kasuwa, shekaru biyu kafin fitowar Living in Bondage a kudancin Nijeriya.

Kafin ƙarshen shekarun 1990, sana'ar ta bunƙasa har ta haifar da mujallu irin su Tauraruwa da Fim, kuma a 2001 gwamnatin Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai.

Haka kuma, da irin waɗannan kyamarori aka riƙa ɗaukar tafsirin watan azumi da hawan salla da naɗin sarauta a garuruwan arewa da dama.

Zuwan wayar salula

A watan Janairun 2001, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne. Kamfanonin Econet da MTN sun fara aiki a watan Agustan shekarar, yayin da Glo ya biyo baya a 2003.

Kafin lokacin, layukan wayar tarho da ke aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Ya zuwa 2012, layukan salula sun zarce miliyan 100.

Wayoyin farko ba su da kyamara. Nokia 1100, wadda ta fito a 2003, ta yi farin jini ne saboda ƙarko da daɗewar batir da kuma 'yar tocilan da ke kanta, abin da ya dace da ƙasar da ke fama da ɗaukewar wutar lantarki.

A Japan aka fara sayar da waya mai kyamara. Wadda kamfanin Sharp ya fitar a watan Nuwamban 2000 tana ɗaukar hoto mai ɗigo 110,000 ne kacal. Shekaru bakwai bayan haka, Nokia N95 ta zo da ɗigo miliyan biyar.

Ita kanta iPhone ta farko, wadda kamfanin Apple na Amurka ya fitar a 2007, ba ta ɗaukar bidiyo, sai a samfurin 2009 aka ƙara mata wannan. Wayar farko mai amfani da manhajar Android ta shiga kasuwa ne a 2008.

Daga nan kasuwar ƙananan kyamarori ta fara durƙushewa. Kamfanin Cisco ya sayi kamfanin da ke ƙera 'yar kyamarar aljihu mai suna Flip a 2009 a kan dala miliyan 590, amma a 2011 ya dakatar da ƙera ta baki ɗaya.

Bambancin ƙira

Waya ta yi galaba ne saboda kullum tana aljihu, kuma da ita ake ɗaukar hoton, a tace shi, a aika da shi nan take. To amma siranta na da tasa illar.

Na farko shi ne zuƙo abin da ke nesa. Kyamarar bidiyo na da dogon jiki, wanda ke ba gilasan cikinta damar matsawa gaba da baya, ta yadda za ta iya zuƙo abu sau 20 ko 30 ba tare da hoton ya lalace ba.

Kaurin waya kuwa bai cika kai santimita ɗaya ba. Shi ya sa ake jera mata idanu biyu ko uku a baya, kowanne da nisan da yake hangowa. Ko a wayoyi masu tsada, zuƙowa ta haƙiƙa ba ta cika wuce sau uku zuwa biyar ba. Abin da ya haura haka yawanci faɗaɗa hoton ne kawai, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi.

Na biyu shi ne sauti. Makirfon waya an yi shi ne domin bakin da ke kusa, saboda haka a wurin wa'azi ko taron biki yakan kwashi hayaniyar jama'a fiye da muryar mai magana, sai fa idan an haɗa masa wani makirfo na daban.

Na uku shi ne juriya. Kyamarar bidiyo ana iya sauya mata batir da katin ajiya a tsakiyar aiki. Galibin wayoyin zamani a like batirinsu yake, kuma sukan yi zafi idan ɗaukar ta yi tsawo.

Wannan ne ya sa gidajen talabijin da masu shirya finafinai da masu ɗaukar manyan taruka ba su rabu da kyamara ba.

Ruɗin yawan megafiksel

Abin da masu talla suka fi kambamawa shi ne yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto.

Amma bidiyon da ake kira Full HD ɗigo miliyan biyu da 'yan kai yake bukata, wanda ake kira 4K kuma kimanin miliyan takwas. Ke nan wayar da aka rubuta wa megafiksel 50 ko 108 ba lallai ba ne bidiyonta ya fi na mai 12 kyau.

Abin da ya fi tasiri shi ne girman farantin da ke karɓar haske a bayan gilashin, da ingancin gilashin kansa, da kuma manhajar da ke gyara hoton. Idan aka cusa ɗigo masu yawa a ƙaramin faranti, kowane ɗigo kan sami haske kaɗan. Don haka ne wayoyin kan haɗe ɗigo huɗu ko tara su zama ɗaya, musamman da daddare.

Ƙirar da ta dace da Afirka

Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da Itel da Infinix, ya gina kasuwarsa ne a kan bukatun masu saye na Afirka.

Ya yawaita wayoyi masu ɗaukar layi biyu, saboda mutane da dama na riƙe da layukan kamfanoni daban-daban domin kauce wa tsadar kira da rashin sabis. Ya kuma ba da fifiko ga batir mai daɗewa.

Bugu da ƙari, ya daidaita kyamarorinsa yadda za su fito da fuskar baƙar fata sosai, matsalar da wayoyin da aka ƙera domin kasuwannin Turai da Asiya suka daɗe suna fama da ita.

Kamfanin ya buɗe masana'antar harhaɗa waya a ƙasar Habasha a 2011, kuma a 2017 ya sha gaban Samsung wajen yawan wayoyin da ake sayarwa a nahiyar. Wayoyinsa na cikin waɗanda suka fi yawa a kasuwannin waya na Farm Centre da titin Beirut a Kano, da kuma shagunan Sakkwato.

Zafi da ƙura

Yanayin Sakkwato ma abin la'akari ne. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin salshiyos, alhali kamfanin Apple, alal misali, ya ƙayyade cewa a yi amfani da wayoyinsa ne a yanayin da bai wuce digiri 35 ba.

Zafi na rage tsawon ran batir, musamman idan ana caji ana kuma ɗaukar bidiyo a lokaci guda, ko aka bar waya a cikin mota a rana.

Ƙurar hunturu kuma kan toshe mashigar caji da lasifika. Wasu wayoyin na ɗauke da alama irin IP67 ko IP68. Lambar farko na nuna kariya daga ƙura, inda 6 ce mafi girma, ta biyun kuma kariya daga ruwa.

Abin dubawa kafin saye

Kowace waya na da lambar shaida mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, wadda ke bayyana idan aka danna *#06#. Ya kamata ta zo daidai da wadda ke jikin kwalin.

Ga mai sayen wayar hannu, karɓar rasidi na da muhimmanci, domin wanda aka kama da wayar sata shi ake fara tuhuma.

Yana da kyau a gwada kyamarar a wuri mai ƙarancin haske, a kuma saurari sautin da ta naɗa. Girman ma'ajiya ma abin dubawa ne, ganin cewa minti ɗaya na bidiyon 4K na iya cin megabait ɗari uku ko fiye.

Sirri da tsoffin kaset

Sauƙin ɗaukar hoto ya zo da nasa haɗarin. A 2007, wani bidiyo na sirri da aka ɗauka da wayar salula, wanda ya shafi wata 'yar fim, ya bazu daga waya zuwa waya ta hanyar Bluetooth. Lamarin ya kai ga hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da ɗaukar finafinai na tsawon watanni shida.

Tun daga lokacin malamai ke ta gargaɗi a kan ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba. Kazalika ana shawartar mai kai waya gyara ko mai sayar da ita da ya fara kwashe hotunan iyalinsa.

Akwai kuma batun abin da aka riga aka ɗauka a baya. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon kaset ɗin VHS, ya daina a watan Yulin 2016.

Zaren kaset na lalacewa da zafi da laima da daɗewa. Bukukuwa da tafsirai da naɗe-naɗen sarauta na shekarun 1980 da 1990 da ke ajiye a gidaje na iya salwanta, matuƙar ba a mayar da su cikin kwamfuta ba tun ana samun na'urorin da za su iya karanta su.