Tarihin Daidaita Sunayen Lasisin Manhajojin Kwamfuta

Bayan fitowar lasisin GPL a 1989, marubuta manhajojin da aka sakar wa jama'a sun daɗe kowa da yadda yake bayyana sharuɗɗan amfani da aikinsa. Wani ya kwafe lasisin ɗungurungum, wani ya rubuta "BSD" kurum, alhali sunan ya ƙunshi lasisi mabambanta. Mai ɗauka kan ƙeta haƙƙin mallaka ba da saninsa ba.

A 2010 Gidauniyar Linux ta ƙaddamar da tsarin SPDX, wanda ya ba kowane lasisi taƙaitacciyar alama, tamkar yadda "ha" ke wakiltar Hausa a ƙa'idar ISO 639. Duk da haka harshen damo bai gushe ba, sai da aka raba alamar "GPL-2.0" gida biyu a 2017: mai nufin bugu na biyu kaɗai, da mai haɗawa da na bayansa.