Tsarin karatu da ƴancin malami: tarihin koyar da Ingilishi a Matamaye

A wannan ɗan nazari za mu duba yadda tsarin karatu guda, wanda ake shatawa a Yamai, yake haɗuwa da ajin da ke bakin iyaka. Mun ɗauki Matamaye, a ƙasar Kance, kan hanyar Damagaram zuwa Daura da Kano.

Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898, 1904 da 1906 ne suka raba Hausawan wannan yanki gida biyu. Matamaye ta faɗo ɓangaren Faransa, saboda haka lakwal ta zo mata da Faransanci. Bayan samun mulkin kai a 1960 an riƙe tsarin da aka gada: yaro na fara Ingilishi a ajin farko na koleji, ana yi masa bayani da Faransanci, jarrabawar BEPC kuma iri ɗaya ce ga kowa.

An yi ƙoƙarin kusanto da darasi ga ɗalibi. Ƴan sa-kai na Peace Corps, waɗanda suka yi aiki a Nijar daga 1962 zuwa 2011, sun koyar a kolejoji da dama. Cibiyar INDRAP, da aka kafa a 1974, ta sa hannu a littattafan English for the Sahel. Amma littafi guda ba ya bambanta ɗan Agadas da ɗan Matamaye. Shi na biyun ya shigo aji da bokiti, tebur, direba da mota a bakinsa, dukansu aron Ingilishi ne ta hanyar Nijeriya. Malamin da ya fara daga nan ya rage wa kansa tafiya, sai dai yana tsoron sufeto ya iske shi baya a tsarin shekara.

Makarantar gwaji ta Damagaram (1973) da dokar LOSEN ta 1998 sun buɗe wa harsunan gida ƙofar aji. Kundin 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Nauyin malamin Ingilishi ya ƙaru ke nan.

A ganinmu, hukuma ta tsaida abin da ɗalibi zai iya a ƙarshen kowace shekara, domin jarrabawa ta zama adalci. Hanyar kai shi can, har da amfani da Hausa, a bar wa malami.