Tarihin Rabe-Raben Adabin Hausa a Darasin Shekarar Farko ta Jami'a

Ɗalibin da ya shiga ajin farko na nazarin adabi ana fara koya masa cewa adabi ya kasu gida uku: zube, waƙa da wasan kwaikwayo. Wannan rabo yana da tarihinsa, kuma daga makarantun Turai ya zo.

Kafin zuwan boko, Hausawa suna rarrabe magana ta hanyar mai yin ta da lokacinta da wurinta. Tatsuniya ta dare ce, galibi a bakin tsofaffin mata. Kirari na ɗan dambe ne ko mafarauci. Roƙo sana'ar maroƙa ce. Waƙar wa'azi kuwa malamai ke rubuta ta da ajami, musamman bayan jihadin 1804. Kalmar waƙa ɗaya ta tattara abin da makaɗi ke rerawa da abin da malami ke tsarawa bisa awo da ƙafiya, alhali Faransanci yana raba su da suna biyu. Nan ne mai koyarwa ke fara cin tuntuɓe.

Ƙagaggen labari na boko ya samu ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Mai karanta su da ma'aunin labarin Faransa zai ga kamar ba su da tsari, domin ginin tatsuniya da na labarin yaƙi suka gada.

A Nijar hanyar ta bambanta. Lakwal ta zamanin mulkin mallaka Faransanci kaɗai ta sani, kuma sai a 1973 Hausa ta shiga aji, a makarantar gwaji ta Damagaram. Saboda haka adabin ya iso wa masu bincike ta faifan ɗaukar murya, ta hanyar cibiyar tattara al'adun baka da aka kafa a Yamai a 1968, wadda daga baya ta zama CELHTO. An kwafe matani da yawa a takarda, amma kiɗa da amshi da taron masu sauraro ba su shiga shafi ba. Waƙar Ɗan Gurmu na Tawa, in aka karanta ta haka, rabinta ne ya rage.

Littafin Abdulƙadir Ɗangambo na 1984 kan rabe-raben adabin Hausa ya ba adabin baka matsayinsa daura da rubutacce. Tsarin koyarwa na shekarar farko zai fi amfani in kowane matani ya zo da bayanin wanda ya faɗe shi, da wanda aka faɗa wa, da lokacin da aka faɗa.