Tasirin unguwa ga kwanciyar hankalin mazaunanta

Masana tsara birane sun daɗe suna nazarin yadda wurin zama ke shafar farin cikin ɗan Adam. Abubuwa uku suka fi fitowa a bincikensu: cuɗanya da maƙwabta, tsaro, da yawan hayaniya.

Motoci da zumunci

A ƙarshen shekarun 1960 Donald Appleyard, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya kwatanta tituna uku masu gidaje kusan iri ɗaya a birnin San Francisco na Amurka. Motoci kimanin 2,000 ke bin na farko a rana, na biyu 8,000, na uku 16,000. A matsakaicin lissafi, mazaunin titin farko yana da abokai uku a layinsa, na titin cunkoso kuwa bai cika ɗaya ba. Inda motoci suka yi yawa, yara ba sa wasa a waje, manya ba sa tsayawa hira a ƙofar gida, har maƙwabci ya zama baƙo. Aikin da dakali da zaure ke yi ke nan a tsofaffin unguwannin Kano da Zariya: wurin haɗuwa ba tare da an sa rana ba.

Tsaro

Daga 1994 zuwa 1998 gwamnatin Amurka ta sa iyalai kusan 4,600 daga unguwannin talakawa na birane biyar cikin wani gwaji. An zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a, aka ba su tallafin haya domin su koma unguwannin da talauci bai yi katutu ba. Bayan shekara 10 zuwa 15, kuɗin shigar manya bai canza sosai ba, amma sun bayyana ƙarin jin daɗin rayuwa da raguwar fargaba.

Hayaniya

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawarar kada ƙarar motoci ta wuce ma'aunin desibel 45 da dare, saboda tana hana barci mai nauyi, kuma tana da alaƙa da ciwon zuciya.

Don haka mai neman haya ko fili zai amfana idan ya ziyarci unguwa da safe da kuma bayan isha'i, ya ga ko ana zama a waje, ya saurari ƙarar titi da ta janareto, kafin ya biya kuɗi.