Zaɓen Kalma a Ajin Insha'i: Daga Bakin Kusugu Zuwa Jan Biro

Tun kafin a kafa baƙin allo a ƙasar Daura ake koyar da zaɓen kalma, sai dai ba a raɗa wa darasin suna ba. Duk wanda ya san labarin Bayajida ya san cewa bayan baƙon nan ya kashe macijin rijiyar Kusugu ya auri Sarauniya Daurama, ƙwarƙwarar da aka ba shi, Bagwariya, ita ta riga haihuwa, ta sa wa ɗanta suna Karɓagari. Da Daurama ta sami nata, sai ta kira shi Bawo, wato a mayar wa mai gari garinsa. Malaman tarihi suna iya ci gaba da jayayya a kan ko an yi Bayajida ko ba a yi ba. Mu abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda aka ƙunshe rikicin sarauta ɗungurungum cikin sunaye biyu.

Bayan tsofaffi masu tatsuniya, sai malaman zaure. A nan ɗalibi kan janyo Larabcin Ahalari ko Ishmawi ko Risala, malam yana fasa masa da Hausa kalma bayan kalma, kuma ba a yarda a sauya wajibi da mustahabbi don kawai duk suna nufin abin kirki. Masu waƙa da ajami kuwa kari da amsa-amo ne suka horar da su, don kalmar da ta karya baiti dole a yar da ita a nemo 'yar'uwarta. Abin da ba a yi ba a wancan zamani shi ne a zaunar da yaro a ce ya ƙago labari da zube.

Wannan sai da boko ya zo. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa. A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Daga waɗannan littattafai, da Magana Jari Ce da ta fara fitowa a 1937, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka soma bugawa a Janairun 1939, 'yan makaranta suka sha zaɓen kalma ba tare da an ce musu darasi ne ba. Alhaji Abubakar Imam ya san inda zai sa karin magana, ya san inda zai bar magana tsurarta. A ganinmu wannan na biyun ya fi wuya, kuma shi ne masu koyi da shi suka fi mantawa.

To, amma fa a nan ne aka yi mana sakiyar da ba ruwa. Da aka tashi daidaita rubutu, Kananci aka ɗauka ya zama ginshiƙi. Hikimar a fili take, littafi ɗaya ya karantu daga Sakkwato har Bauchi. Sai dai sannu a hankali aka rikita abu biyu: ƙa'idar rubutu, da dukiyar kalmomi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, mai kalmomi kimanin 39,000, bai yi wannan kuskure ba, don ya tattaro kalmomin garuruwa dabam-dabam yana nuna inda ake faɗinsu. Aji ne ya ƙuntata abin da ƙamus ya buɗe. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta himmatu wajen tace baƙin kalmomi da daidaita rubutu, jarrabawa ta zo ta ɗora nata, har malami ya wayi gari aikinsa shi ne farautar kuskure. Yaro daga Zango ko Ɓaure ko Mai'aduwa ya rubuta zamna maimakon zauna, ko biyal maimakon biyar, jan biro ya hau. Wannan da sauƙi, gyaran ƙa'ida ne. Ɓarnar ita ce ranar da ya kawo kalmar da ya ji a bakin kakarsa, mai gyara bai san ta ba, ya soke. Yaron da aka yi wa haka sau uku ya daina kawowa. Daga nan insha'insa ya koma "abu" da "yi" da "sosai", ba gishiri ba daddawa.

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ƙara wa harsunan gida matsayi a makarantu, ɗalibai suka yawaita, amma tsarin bai sauya ba: wasiƙa, muhawara, siffantawa, labari, kowanne da adadin kalmomin da ake so. Abin da ya girgiza ajin daga waje ya zo. Daga ƙarshen shekarun 1980 littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano suka cika jakunkunan 'yan makaranta, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Balaraba Ramat Yakubu. Malamai da yawa sun yi ta kuka da Ingausa da karya ƙa'ida a wasu daga ciki, kuma kukan yana da hujja. Duk da haka su ne suka nuna wa yaranmu, musamman 'yan mata, cewa Hausar da suke yi a tsakar gida ma tana iya shiga littafi.

Mu da muke kan iyaka muna da wata ƙarin matsala, wadda in an duba arziki ce. Ta Kwangwalam ake bi zuwa Matamaye da Damagaram, kuma dangi suna hayi biyu. Saboda haka ɗalibinmu ya san makaranta ya san lakwal, ya san malam ya san mushe, ya san ɗan sanda ya san jandarma. Wace ce daidai? Amsar da muke ba su ita ce, a duba wa ke magana. Muryar mai ba da labari ta bi daidaitacciyar Hausa, amma in fatake daga Damagaram ne ke ciniki a kasuwar Mai'aduwa, a bar musu bakinsu. Marubucin da ya sa su suna Kananci ya yi wa mai karatu ƙarya.

Akwai wani aiki da mukan ba 'yan aji huɗu a makon farko. Mukan rubuta a allo cewa Bayajida ya kashe maciji, mu ce a cire kashe a kawo wata. Hannuwa su tashi: ya sare, ya datse, ya yanka, ya fille masa kai, ya halaka. Sai mu bi su ɗaya-ɗaya. Yanka na son dabba a kwance da wuƙa a maƙogwaro, bai dace da dare a bakin rijiya ba. Halaka ta faɗi sakamako ta ɓoye takobin. Fille kai ita ce ta yi daidai da labarin, domin kan macijin ne baƙon ya ɓoye, kuma shi ya fito da shi da safe lokacin da wasu suka yi da'awar su suka yi kisan. Daga nan mukan tura su gida, kowa ya samo kalmomi biyar na rijiya da jan ruwa daga bakin tsofaffin unguwarsu, a zo a gwada su da ƙamus na Jami'ar Bayero na 2006. Wadda aka samu a ciki a duba ko ma'anar ta zo ɗaya. Wadda ba a samu ba mukan rubuta ta a bayan littafin aji, tare da sunan garin da aka ji ta.